Bayani A Kan Laftof Matsakaiciya: Nauyinta Da Ɗaukarta Ga Mai Yawon Kasuwa

 

Makon ga jadawalin farashin hatsi da dawa da shinkafa yana nan inda kunka saba ganinsa. Filin da ya rage za mu ba da shi ga wani kaya da ba a aunawa da tiya, amma da kuɗɗin hatsi ake sayensa, saboda haka ya shiga hurumin wagga takarda. Watau kwamfutar nan ta tafi-da-gidanka, wadda yara ke ce ma laftof. Maganarta ta yawaita a rumfuna tun farkon shekarar 2023, sa'ad da tsabar kuɗɗi ta ɓace daga kasuwa bayan Babban Bankin Nijeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, ciniki ya koma taransifa, kowa ya wayi gari da sunaye da lambobi sun fi ƙarfin kansa. Kafin nan ma, waɗanda sunka shiga shirin bashin noman shinkafa da anka ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015 sun ga yadda ake son sunayen manoma da lambobinsu na banki a jere cikin kwamfuta. To daga nan ɗiyanmu sunka sa mu gaba: Baba a sayi laftof, Baba ita ce littafin bashi na zamani. Masu sayarwa kuma su ce a ɗauki matsakaiciya, wai ba ta da nauyi, ko'ina za ka da ita. Wannan kalma ta “ko'ina” ita munka ɗora ga sikeli, domin ko'ina na mai zama ofis a Sakkwato daban yake da ko'ina na mai hawan kabu-kabu zuwa kasuwar Goronyo ran Lahadi.

Da farko a san abin da ake nufi da matsakaiciya. Girman laftof da fuskarta ake faɗinsa, kuma ba tsawo ko faɗi ake aunawa ba, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ake ja, a karkace. Ƙanana su ne masu inci 11 zuwa 13. Manya su ne masu inci 15.6 zuwa 17. Ta tsakiya ita ce mai inci 14, watau santimita 35 da rabi daga kusurwa zuwa kusurwa. In an rufe ta an aje, tsawon jikinta kusan santimita 33 ne, faɗi kusan 23, kauri kusan 2. Ga wanda ya fi gane awon hannu, taƙi ɗaya da rabi ke nan a tsawo, taƙi ɗaya a faɗi, kaurin babban yatsa. Ta ɗan ɗara farar takardar nan da ake buga rasit da ita a shagon hoto-kwafi, wadda tsawonta bai cika santimita 30 ba. Mai inci 15.6 kuwa tana kai santimita 36 zuwa 38 a tsawo. Bambancin a baki kaɗan ne, yatsu biyu ko uku, amma shi ke raba wadda za ta shiga jakar da kake da ita da wadda sai ka sayo mata tata.

Sai nauyi. Galibin masu inci 14 da ke shigowa kasuwannin Kano da Sakkwato na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka sunka yi aiki da su sunka sauya. Irin su ThinkPad T480 ta kamfanin Lenovo da Latitude 5490 ta Dell kusan kilo 1.6 ne kowace, EliteBook 840 G5 ta HP kusan kilo ɗaya da rabi. Tsofaffin da sunka girme su, awa ThinkPad T430, suna haura kilo 2 ko da yake fuskar tasu inci 14 ce ita ma, saboda haka inci kaɗai ba ya gaya maka nauyi, sai ka tambayi shekarun abin. Masu inci 15.6 suna tsakanin kilo 1.8 da 2.3. Amma ku lura da wani abu da duk mai awo ya sani. Mai sayarwa nauyin laftof tsirara yake faɗa maka, kai kuwa ba tsirara za ka ɗauke ta ba. Akwai caja da igiyoyinta biyu, wajen giram 300 ko fi. Akwai jaka mai soso, rabin kilo ko fi. Da munka haɗa su duka ga sikelin rumfa, abin ya tashi kilo biyu da rabi, watau tiyar hatsi guda cur. Mai inci 15.6 da kayanta ta wuce kilo 3. To tiya guda mi ce ce ga mutanen da sunka tashi suna juya buhu mai tiya arba'in? A hannu na minti biyar ba komi ba ce. Amma ka rataya tiyar hatsi ga kafaɗa ɗaya tun hantsi har la'asar sakaliya, kana kutsawa tsakanin amalanke da raƙuma da masu dako, ka ji abin da wuyanka zai gaya maka da dare.

Don a yi ma abin adalci, ya yi sauƙi ƙwarai bisa ga kakanninsa. A shekarar 1981 anka fitar da wata a Amurka mai suna Osborne 1, wadda anka yi ta yi mata kirarin ana iya tafiya da ita. Nauyinta ya haura kilo 10, tiya huɗu ke nan da ɗori, fuskarta inci 5 tak, siffarta kamar akwatin keken ɗinki. A 1985 kamfanin Toshiba na Japan ya fito da T1100 mai kilo 4. Daga tiya huɗu an dawo ƙasa da tiya guda cikin shekara arba'in. Masu ƙira sun yi nasu. Saura namu, mu da hanyoyinmu.

Mu da munka yi karatun allo mun san ɗaukar abu mai daraja. Almajiri na rataya gafaka ya yi tafiyar kwana da kwanaki, allo na hammata, bai taɓa cewa sun yi mashi nauyi ba. Dalili, gafaka an ɗinka ta daidai jiki, fatarta na lanƙwasa, takardun ciki ba su tsoron girgiza, allo kuwa in ya faɗi sai a ɗauka a kakkaɓe. Laftof ba ta lanƙwasa ko kaɗan. Aljihun babbar riga, wanda ke haɗiye littafin bashi da waya da goro da carbi, ba ya ɗaukarta. In ka tilasta, rigar ta karkace gaba, wuyanta ya shaƙe ka, kowa kuma ya ga abin da ke ciki. Ke nan tilas jaka, jaka kuwa ko ta ci hannu ɗaya ko ta ci baya. Dillalin hatsi hannu biyu yake aiki da su: ɗaya ya soka ƙarfe ga buhu, ɗaya ya tari ƙwaya ya murza ya duba ko akwai ƙwari ko tsakuwa ko danshi, ya duƙa, ya miƙe, ya riƙe hannun mai kaya a yi ciniki a ɓoye ƙarƙashin riga. Duk duƙawar da zai yi, jakar rataya sai ta zamo gaba ta bugi bakin buhu ko ƙarfen sikeli. Jakar goyo ta fi ta, gama tana raba nauyi ga kafaɗu biyu, ta bar hannuwa sake. Sai dai dattijo mai babbar riga da rawani goye da jakar 'yan makaranta, wannan kowa ya auna da kansa ko zai iya. Mun ga masu sa ta ƙarƙashin riga, bisa 'yar ciki. Yana yi, in ba bazara ba.

A kan hanya ne ake gane kaya. Tiyar hatsi ka iya zama a kanta, ka iya jefa ta bayan a-kori-kura a ɗora mata buhu goma, ta isa lafiya. Laftof abin da ta fi tsoro matsi ne, fiye da faɗuwa ma. Murfinta siriri ne, gilashin fuskar na manne da shi daga ciki. In an danne bayan murfin, ko da jakar ba ta nuna komi ba, sai ka buɗe ka iske baƙin tabo ya bazu a fuska kamar tawada ta zube ga allo, ba kuwa ya wankuwa, sai an sauya fuskar ɗungum, ita kuma sai an kai birni. Motocin kasuwa kun san yadda ake cika su, huɗu a kujerar uku, gwiwar wani ga bayanka, buhun albasa ga ƙafarka. Wurin laftof a mota ɗaya ne: bisa cinyarka, a tsaye, fuskar na kallon cikinka. Kada ka ba yaron mota ya sa ta but, ko da ya rantse maka. A kan kabu-kabu kuwa, in kai ne a baya, jakar goyo ta zama ita ce ƙarshen babur, duk abin da ya taɓo ku daga baya ita zai fara samu, in kuma kunka faɗi cikin yashi kanta za ka kwanta. Gara a juyo ta gaba, ta zauna tsakaninka da mai tuƙi, ka bar mata ɗan fili. Kuma kada a cusa caja aljihu ɗaya da laftof, ƙullin cajar nan mai tauri shi ke fasa fuska in an matsa. A nan mai inci 14 ta fi babbar nesa: murfi in ya faɗaɗa ya fi saurin lotsawa a tsakiya, kamar faifai babba da ƙarami.

Akwai wani abu a cikinta da ido bai gani, shi ne rumbun da take aje rubutu. Iri biyu ne. Tsohon iri faifai ne na gaske da ke juyawa sau 5400 cikin minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi bisansa tana karantawa. In an girgiza shi yana cikin aiki, allurar ta karci faifan, abin da ke rubuce wurin ya tafi. Sabon iri, wanda masu gyara ke kira es-es-di, ba abin da ke motsi cikinsa, ya fi sauƙin nauyi, ya fi sauri, ramukan hanya ba su dame shi ba. Wanda zai yi yawo da laftof tsakanin Rabah da Gandi, ko hanyoyin fadama da ba kwalta, kada ya karɓi mai faifai ko an rage mashi kuɗɗi. Kuma a kashe ta sarai kafin a sa jaka. Rufe murfi kaɗai barci ne take yi, wani lokaci ta farka cikin jaka ta yi ta zafi ba mai sani.

Wani wuri da masu sayarwa ba su tunawa shi ne masallaci. Azahar da la'asar duk a kasuwa suke iske mu. Littafin bashi na aljihu, da shi kake alwala da shi kake sujada. Jaka mai kilo biyu da rabi fa? In ka bar ta wajen takalma, hankalinka na can, sallar ta zama rabi. In ka aje ta gabanka cikin sahu, ka matse wa wani wurin goshi. In ka ba mai rumfa ajiya, ka ɗora mashi amanar da bai nema ba, ranar da ta ɓace kuma zumuncin shekara ashirin ya shiga shari'a.

Sa'an nan ƙasarmu da zafinta. Kamfanoni da yawa, har da Apple, suna rubutawa cewa kayansu an yi su ne don aiki a wurin da zafinsa bai wuce awo 35 ba. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu inuwa kanta na haura 40, balle rumfar kwano da tsakar rana. Laftof na da fanka ƙarama a ciki, tana jan iska ta wasu kafofi da ke ƙarƙashinta ta fitar ta gefe. Mu 'yan hatsi teburinmu buhu ne, buhu kuwa lotsawa yake ya toshe kafofin nan. Sai ka ji fanka na kuka, aiki na jan ƙafa, can ta mutu da kanta. Magani mai arha: a nemi katako shimfiɗaɗɗe, ko tsohon allo da anka daina karatu da shi an wanke, a ɗora ta bisa. Ƙura kuma ba ta hunturu kaɗai ba ce gare mu. Inda ake sheƙa da zazzage buhu, ƙaiƙayi da dusa na yawo cikin iska shekara duka, fankar nan na shaƙarsu tana tarawa har su yi kamar auduga a ciki. Wadda ke zama kasuwar hatsi tana son a kai ta a buɗe a hure ko sau ɗaya a shekara, bayan hunturu. Batirinta shi ya fi kowa ƙin zafi. In an saba barinta cikin mota a rana, ko bisa buhu ƙarƙashin kwano, batir na rage ƙarfi, wani ma ya kumbura. Alamarsa, ka ga madannai sun tasa ko murfi ya ƙi rufuwa daidai. Wanda ya ga haka ya daina caji nan take ya kai a cire, gama batir mai kumburi na iya kama wuta, rumfar hatsi da buhunan leda kuwa ba wurin wasa da wuta ba ne.

Maganar batir ta kawo mu ga wuta. Laftof da ba caji katako ce mai tsada. Mai sayarwa zai ce tana awa takwas. Wataƙila ta yi haka ranar da ta fito daga kamfani. Ta hannu da ta yi shekara biyar ko shida a wani ofis, abin da munka gani awa biyu ne zuwa uku, in an haska fuskar sosai don a iya gani cikin rana kuma ya ragu. Ke nan caja ba ta zama gida, nauyinta na cikin lissafi kullum. Cajar galibinsu wat 45 ne ko 65. Sababbi suna da baki irin na wayoyin yanzu, sai mutum ya zaci cajar waya za ta yi. Mafi yawan cajojin waya ba su da ƙarfin ciyar da ita. Haka ƙaramin batirin aljihu da ake cajin waya da shi, sai an sami babba na musamman, shi kuma wani rabin kilo ne. Masu cajin waya na kasuwa suna karɓa, amma ka bar dukiyarka da asirin cinikinka a teburin da mutum ɗari ke tsayawa. Wanda ke da sola a gida ko shago ya huta da rabin wahalar. Abu ɗaya da za mu yaba mata: lissafi cikin Excel ba ya bukatar sabis. A watan Satumba na 2021, sa'ad da anka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Goronyo da Rabah, duk abin da ke rataye ga intanet ya tsaya, amma jadawalin da ke cikin rumbun laftof yana buɗuwa yadda yake.

Damina na da nata hukunci. Jakar soso ba ta hana ruwa, tsotsa ma take. Ledar taki mai kauri, a sa laftof ciki a naɗe baki kafin a sa jaka, ta fi jakar dubbai amfani ran da hadari ya tare ka tsakanin Wurno da Achida. In ruwa ya shige ta, kada a kunna don a gani ko tana yi, kunnawar ce ke ƙone ta. Masu ƙetare gulbin Rima kuwa, musamman in an saki ruwan madatsar Goronyo gulbi ya cika ya batse, shawararmu kada su shiga jirgi da jaka goye a baya ko rataye a wuya. A watan Agusta na 2025 jirgi ya kife da mutane fiye da 50 masu zuwa cin kasuwar Goronyo, Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu. Mai faɗawa ruwa ba ya son komi ɗaure ga jikinsa. Ranar ƙetare, laftof ta kwana gida.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi, kuma ba ya hawa sikeli. Ƙasar ga ta san zaman tsaro tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna ribaɗi nan Magarya da Wurno, kabarinsa ma yana Wurno. Amma abin da gabashin Sakkwato ya gani a shekarun nan kowa ya san shi a gidansa. Ran Lahadi 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga sunka afka ma kasuwar Goronyo ana tsakar ci, sunka kashe mutane fiye da arba'in. Allah ya gafarta masu. Tun daga nan mai hankali ya koyi tafiya ba tare da ya yi kama da mai kuɗɗi ba: tsohuwar riga, waya ƙarama, baki a rufe. Baƙar jakar laftof mai tambarin kamfani tana warware duk wannan. Daga nesa ake gane ta, mai ɗauke da ita kuwa ana ɗaukarsa ko ma'aikacin gwamnati, ko wakilin kamfani, ko alhajin da ya tara. Masu kai rahoto ba daji suke kwana ba, a tasha da bakin kasuwa suke zaune. In kuma an tare hanya an buɗe laftof an ga jerin buhuna da miliyoyi da sunayen waɗanda kake bi da waɗanda ke binka, kai da kanka ka rubuta masu farashin fansarka, ka kuma tona asirin abokan cinikinka. Saboda haka wanda tilas sai ya ɗauka, ya sa mata kalmar sirri, ya nemi jakar da ba ta yi kama da tata ba, ko ya naɗe ta cikin darduma ya sa a jakar buhu irin ta cefane. Nan ma mai inci 14 ta fi ɓoyuwa. Kada kuma a buɗe ta tsakar kasuwa mutane na leƙe. A shiga ƙuryar shago.

Ga masu cewa ita ce littafin bashi na zamani, muna da magana. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutun kuwa don ya tsaya ne ran da anka yi gardama ko ran da ɗayanku ya kwanta dama. Littafin takarda in ya jiƙe ana shanya shi a karanta, in mai shi ya rasu magada su buɗe gaban malam su ga hannunsa. Laftof in an sace, ko rumbunta ya mutu, ko mai ita ya tafi da kalmar sirri cikin ƙirjinsa, haƙƙin marayu da na mutane ya shiga duhu. Duk sa'ad da ka fita da ita, dukan bashin da kake bi da wanda ake binka ka fita da su kan hanya. Don haka a sayi filash, ɗan abin nan da bai kai yatsa ba, duk Juma'a a kwafe lissafi ciki a aje gida inda ake aje takardun gona. A sanar da mutum ɗaya amintacce kalmar sirri. Littafi kuma kada a yar da shi: bashi babba a rubuta da alƙalami, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu su gani, sa'an nan yaro ya shigar cikin kwamfuta da dare.

To wa ya kamata ya saya, kuma wace? Akwai abu guda da babbar ta fi matsakaiciya, kuma ya shafe mu kai tsaye. Galibin masu inci 15.6 suna da madannan lambobi a gefen dama, a jere kamar na kalkuleta. Masu inci 14 ba su da su, lambobinsu na layi ɗaya can sama. Ga wanda aikinsa shigar da buhu kaza, kilo kaza, naira kaza, sau ɗari biyu a yini, wannan bambanci ne babba, fuskar kuma ta fi nuna layuka da yawa ga idon da ya fara neman tabarau. Saboda haka mai sito ko babban shago a Achida ko Wurno, wanda laftof za ta kwana ta tashi wuri ɗaya, ya ɗauki babbar, nauyinta bai shafe shi ba. Wanda ke tara kaya ma kamfanin casar shinkafa, ko mai kai hatsi Dawanau ta Kano ko Illela bakin iyaka, yana kwana biyu uku a hanya ana neman lissafi a rubuce, shi ne mai inci 14 ta dace da shi. Madannan lambobi ana sayar da su daban, ƙanana, a jona da igiya in an sauka masauki. Ƙananan masu inci 13, irin MacBook Air mai kilo 1.3, sun fi sauƙi, amma tsadarsu da tsadar gyaransu ba ta ɗan hatsi ba ce. Dillali kuwa da ke yini tsaye tsakanin buhuna, ra'ayinmu kada ya saya don yawo ko kaɗan. Wayarsa na karɓar taransifa, tana ɗaukar hoton rasit, tana aika farashi ta WhatsApp, nauyinta bai kai rubu'in kilo ba. In ɗansa na son laftof don jarrabawar shiga jami'a, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, wannan dalili ne mai kyau, amma a kira shi da sunansa, kada a fake da kasuwa.

Wasu malamai 'yan'uwanmu sun tambaya ko tana rubuta ajami. Tana yi. Ana juya madannan su koma na Larabci, ana kuma samun 'yan takardun haruffa da ake mannawa bisansu. Har an ƙera wani salon rubutu na kwamfuta mai suna Alkalami, wanda anka kwaikwayo daga hannun marubutan ƙasar Kano, fa da ɗigo ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya sama, yadda munka koya a allo. Sai dai sa wasali ga kowane harafi da madannai aiki ne mai cin lokaci, alƙalami ya fi shi sauri nesa.

Wanda ya yanke shawarar saye, ya tafi da wanda ya san abin, ko a Sakkwato ko a titin Beirut na Kano. Ya ce a haɗa mashi laftof da caja da jaka ya rataya, ya zaga layin shagunan ya dawo, kafin a fara maganar kuɗɗi. Ya cire ta daga wuta ya bar ta a kunne rabin awa yana kallon yadda batir ke sauka. Ya buɗe murfi ya rufe sau da yawa, ya ji ko mahaɗinsa na ƙara ko ya saki, gama nan ne ke fara karyewa ga mai yawan buɗewa. Ya duba kusurwoyi huɗu, wadda ta taɓa faɗuwa a nan take nunawa. Ya sa a nuna mashi a fuska cewa rumbun es-es-di ne, kada ya tsaya ga faɗar baki. Ya tambaya ko batirin ana samun irinsa in ya mutu; wasu, awa T480, suna da batir na biyu a baya da ake zarewa da hannu a sa wani. Sa'an nan ya haɗa kuɗɗin laftof da na jaka da na filash da na sabon batir, ya raba da farashin buhun hatsi na makon ga, ya ga buhu nawa zai fitar daga sito, kuma a wane wata: buhun da za a sayar da kaka don a sayi laftof, da an riƙe shi zuwa bazara da wani kuɗɗi ne daban.

Farashin albasa da tafarnuwa na kasuwannin Wurno da Goronyo yana shafi na gaba. Wassalam.